Haƙorin da Na Bari a Gana

Har yanzu, duk safiyar da na farka, kafin in sauko daga gado sai na sa tafin hannu na rufe idona na dama, na kalli rufin ɗaki da na hagu kaɗai. In na ga azara, na ga jirwayen da yoyo ya bari a jikinta, sai in ce alhamdulillahi, in tashi. Inna ta gaji da yi mini faɗa a kan haka. Ni ma na so in daina, hannun ne ba ya jin magana. Safiya ɗaya ce tak na manta, ita ma zan zo kanta.

Sunana Luba. A Gummi aka haife ni, can na yi sakandare. Yayana Lawali shi ne babba a ɗakinmu. Tun yana saurayi ya shiga aikin zinariya a Bagega, da wurin ya gagara zama sai ya bi abokansa har arewacin Gana. Can ya buɗe ɗan shago kusa da ramukan haƙa, ana cajin waya, ana sayar da sabulu da sukari da batir. Da ya zo gida bayan Sallah sai ya roƙi Inna ta ba shi ni, in riƙa zama masa a shago idan ya shiga rami, don ni ina da Turanci, shi kuwa nasa bai wuce na gaisuwa ba. Inna ba ta yi maganar nisa ba. Abin da ta ce kawai shi ne, “To wa za ya riƙa zura man zare ga allura?” Idonta ya fara rauni, ni ce mai zura mata tun ina firamare.

Da haƙorin na bar gida. Na sama ne, ɓangaren hagu, can ciki, yana da kogo tun ina aji uku. In ya motsa sai in cusa kanumfari in yi shiru. Ban taɓa tunanin kai shi asibiti ba, domin a gidanmu akwai dokar da ta fi ta gwamnati ƙarfi. Inna kan ce, da harshenmu na can, “Hauren bisa ba a hidda shi. Jijiyatai da ta ijiya guda ta.” Wato haƙorin sama ba a cire shi, jijiyarsa da ta ido ɗaya ce, ka ja wannan ka tsinke wancan. Kuma muna da shaida mai rai: Gwaggo Tumba, ƙanwar babanmu da ke aure a Bukkuyum. Wanzami ya cire mata haƙorin sama wata ranar kasuwa, idonta ya tafi. Mun tashi muna ganinta tana jan gefen mayafi tana rufe farin idon nan in za ta yi dariya. Ita kanta Inna, tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta ciji goro ba. A magogi take goge shi, ta zuba a gefe guda na bakinta. Mun ɗauka gayu ne irin na manya.

Bayan Kamba muka shiga jirgin ruwa muka tsallaka kogin Kwara. Ni da ban san ruwan da ya wuce gulbinmu ba, sai ga ni a tsakiyar wanda ba na hango ƙarshensa, ga babura da buhunan albasa an labta wa jirgin, ruwa yana leƙo bakinsa. Na riƙe rigar Yaya Lawali har na ji ɗinki ya ce ɓarak.

“Ke Malama,” ya ce, don haka yake kirana in zai tsokane ni, “in jirgin ga ya kihe, rigata hwa ba ta iyo.”

Wata Bazabarma da ke gefena ta ga leɓena ya bushe, ta miƙo mini ruwan leda mai sanyi. Kurɓa ɗaya na yi, haƙorin ya amsa har tsakar kaina. Ban nuna ba, don kada ta ji kunyar kyautarta.

A Malanbil, garin farko a ƙasar Binin, wani direba ya karɓi kuɗin motarmu har Faraku. Da muka kai Kandi ya ce kowa ya sauka, zai je a duba masa taya. Dubin taya ke nan har yau. Muka yini a tasha, kowa na ta Faransanci da wani yare da ban taɓa ji ba, Turancin da aka ɗauko ni dominsa ko ruwan sha bai saya mana ba. Wata mai soya doya ta ga azahar ta yi muna ta waige-waige, sai ta zaro tabarma daga ƙarƙashin teburinta, ta nuna mana gabas da matsamin suyarta. A kan tabarmar nan na fara kuka, ban san ko na haƙori ba ne ko na gida.

Da ƙyar muka samu wata motar. A tashar Faraku ciwon ya kai inda ba ya ɓoyuwa. Ina zaune kan jakata, hannu a kunci, sai ga wani mutum da farar riga da ƙaramin akwati. Ya ji muna magana, ya tsaya cak.

“Kai, ’yan gida! Daga ina?”

“Gummi,” in ji Yaya.

“Gummi! Allahu Akbar. Kakata ’yar Gummi ta! Mi as samu ƙanwata?”

Wanda bai taɓa yin nisa da gida ba ba zai gane yadda maganar nan ta shiga jikina ba. Harshen Inna ne sak, a bakin baƙo, a ƙasar da ko tambayar banɗaki ba na iya yi. Ya sa na buɗe baki, ya leƙa, ya girgiza kai. Ya ce tsutsa ce, kuma ta yi ’ya’ya.

Yaya Lawali ya tare gabana. “Ba hidda shi za ka yi ba ko?”

“Subhanallahi! Wa ka hidda hauren bisa? In makanta yarinya? Ni mahaukaci na?”

Nan ya saye mu gaba ɗaya. Wanda ya san dokar Inna ai ba zai cuce mu ba. Ya ɗora wasu ’yan ƙwayoyin iri kan ƙarfe mai zafi, ya ɗiga mai, ya kifa mazurari, ya sa bakin mazurarin a kogon haƙorina. Hayaƙi ya cika mini baki, hawaye na zuba. Da ya ɗaga, sai ga wasu ’yan farare, sirara, a cikin ruwan tasa. “Kin gan su? Su ka cin ki.” Sannan ya kwaɓa wani farin abu ya toshe kogon, ya ce kada ko tsinke ya taɓa wurin. Kafin mu hau mota abin ya daskare kamar siminti. Ina zaune bakin taga na jiyo shi yana ce wa wani mai rawani, “Doso! Allahu Akbar. Kakata ’yar Doso ta!” Na taɓo Yaya, ya yi tsaki, ya ce, “To, mutum ai kaka biyu gare shi.”

Ciwon kuwa ya lafa, ban ɓoye gaskiya ba. Muka wuce Jugu ina cin rogo da gefen dama, har ina yi wa mutumin addu’a. Sai a Kara, cikin Togo, da na kai goshina ƙasa a sallar la’asar, na ji wani nauyi ya gangaro cikin kuncina na hagu, kamar an karkata gora mai ruwa. Na ɗago, ya koma. Na sake sujada, ya sake gangarowa. Hancina na hagu ya toshe, na dama lafiya lau. Na ce mura ce ta baƙon ruwa. A Tamale kuma sai wani ɗoyi ya yi ta bin mu. Na zargi kwata, na zargi kifin matar da ke bayana, har na sauya wurin zama. Ɗoyin ya biyo ni. Sai da na face hanci a tsumma na gane daga jikina yake fitowa. Na dunƙule tsumman na jefar, ban gaya wa kowa ba.

Ƙauyen da Yaya yake yana kusa da Bole, ƙasa ja, ramuka ko’ina, injinan niƙan dutse suna kuka tun safe. Shi a shago yake kwana, don haka ya kama mini ɗaki a gidan wata bazawara, Mama Fausti. Kirista ce, ’yar ƙabilar Dagati, ƙatuwa, mai murya kamar ana kiran shanu. Sana’arta dokunu, wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi. Hausarta ta kasuwa ce, guntu-guntu, kuma sunana ya gagare ta, sai ta riƙa kirana Nijeriya.

Tsoronta na ji da farko. Ga gicciye a bango, ga kare a tsakar gida. In ta miƙo mini abinci sai in ce na ƙoshi. Ba ta yi fushi ba. Wata safiya na buɗe ƙofa na tarar da sabuwar buta da sabuwar tukunya, da takardar kanti a jikinsu. Ta nuna tukunyar, ta nuna ni. “Naka. Kai kaɗai.” Karen ma ta ɗaure shi can bayan gida, yana ta kukan zalunci. Daga ranar na fara cin dokununta, ina ci ina tuna tuwon dawar Inna da miyar kuka, da Fulanin bayan garinmu masu shigowa da ƙwaryar nono da hantsi, suna tsayawa ƙofar gida suna yi wa Inna ciniki rabi Hausa rabi Fulatanci. A shago in na ji wani ya ce “ina kwana” da harshen Zamfara, sai in ƙara masa ƙullin sukari ba tare da ya tambaya ba.

Kuncina ya fara tashi a hankali. Na ja hijabi na rufe. Masu haƙa in sun zo karɓar waya sai su ce, “Malama, goron da kika ɓoye a kumatu, a san mana mana.” In yi murmushi da rabin fuska. Na sayi ƙwayoyi a hannun mai tallar magani, ja da rawaya, ina sha yau in bari gobe. Ina gasa wurin da tsumma da ruwan zafi kamar yadda ake yi a gida. Yaya kuwa ramin ya ci shi, in ya fito jikinsa jajir da laka, ko idonsa ba ya buɗewa sosai don gajiya. Na ce ba zan ƙara masa kaya ba. Kuma a can ƙasan zuciyata na san in aka kai ni asibiti abin da za su ce, kuma na san fuskar Gwaggo Tumba.

Mama Fausti ce ta fara tsare ni. Ta kama haɓata ta juya ni wajen haske, ta ce, “Asibiti.” Na ce gobe. Kullum gobe.

Goben da ta zo, na farka idona na hagu bai buɗe ba. Na shafa, sai na ji fatar ta cika tam, da zafi, kamar ƙwai da aka ciro daga tukunya. Jikina na rawa, haƙorana na haɗuwa. Na rarrafa na fito tsakar gida. Na sa yatsu na ɓare fatar idon da ƙarfi, sai ga Mama Fausti biyu a gaban murhu biyu. Na so in juya idon in kalli ƙofa, wani zafi ya soke ni har ƙeya. Na ce, “Mama.” Karon farko ke nan da na kira ta haka ba tare da sunanta ba.

Ta juyo. Ludayin hannunta ya faɗi cikin wuta.

Ba ta tambaye ni komai ba. Ta bar kifi a kasko, ta ƙwalla wa maƙwabciya kira, ta tura a fito da Yaya daga rami, amma ba ta jira shi ba. Ta tsayar da mai babur, ta ɗora ni, ta hau bayana, ta kwance zanenta na sama ta ɗaure ni da jikinta kamar goyo, sai dai ni ina gaba. A ƙaramin asibitin garin, ma’aikaciyar tana ɗaga fatar idon ta ce wannan ya fi ƙarfinsu, sai Tamale, kuma yanzu. Yaya ya iso mu a tasha, babu takalmi, laka har gwiwa. Ya kalle ni sau ɗaya ya kau da kai. Duk tsawon hanya bai ce mini Malama ba.

A babban asibiti aka sa mini ƙarin ruwa da allurai, aka tura kaina cikin wata na’urar hoto mai kama da bakin rijiya. Daga baya wata likita ta zo, ’yar siririya, da tabarau. Ta ɗago murfin biro ja, ta ce in duba da idon dama. Ja ne. Ta ce in rufe na dama, ita ta ɓare mini na hagu. Murfin ya koɗe, ya koma kamar tsohon zanen da ya sha rana. Na gaya mata. Na ga fuskarta ta sauya, duk da ta yi ƙoƙarin ɓoyewa.

Da Turanci ta yi bayani, wata nas mai jin Hausa tana maimaita wa Yaya. Ta ce a cikin ƙashin kuncin kowa akwai kogo, wanda ke haɗe da hanci. Saiwar haƙoran sama tana taɓa ƙasan kogon, ido kuma yana zaune a kan rufinsa, rufin nan bai fi ɓawon ƙwai kauri ba. Haƙorina ya ruɓe har saiwa, ya tara mugunya. Da, tana ɗan samun hanyar tsiyaya ta baki, aka zo aka toshe. Sai ta cika kogon, ta hau sama, yanzu ga ta a gefen ido tana tura shi. In ta danne jijiyar gani, idon ya tafi, kuma daga nan ƙwaƙwalwa ba nisa. Allura kaɗai ba za ta isa ba. Dole a buɗe a kwashe mugunyar, a cire haƙorin da ya haife ta, kuma yau.

Duk na fahimta. Mun yi darasin jikin ɗan Adam a makaranta, na ci jarrabawar. Amma da ta ce a cire, bakina ya ce a’a kafin kaina ya yi tunani.

Yaya ma ya ce a’a. “A kwashe ƙazantar, a bar mata haurenta.”

Likita ta ce ai kamar a kwashe ruwa ne a bar rufi yana yoyo.

Muka kira Inna ta wayar maƙwabcinmu. Muryarta tana zuwa tana yankewa. Da ta gane abin da ake faɗa sai ta fasa kuka. “Lawali, amana nib ba ka! Kada ka bari su taɓa hauren nan. Ku tuna Tumba! Luba, ɗiyata, kina jiya ta? Kada ki yarda…” Layin ya ɗauke. Muka yi ta kira, bai sake shiga ba.

Likita ta ce ba za ta yi mini dole ba, amma idon ba zai jira mu ba. Ta kalli agogon bango, ta fita. Yaya ya bi bango ya sulale ya zauna a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa. Shi ne fa mutumin da ke shiga ramin da ba a ganin ƙasansa yana waƙa. Ni kuma ina kwance, ido ɗaya a rufe, ina ta lissafin abu guda: in na yarda, na makance da hannuna, kuma na saɓa wa Inna. In na ƙi, wai ma haka. Ta ina zan bi?

Mama Fausti tana tsaye duk wannan lokaci da jakar kayana a hannu, ba ta gane me ya tsayar da aiki ba. Ta tambayi nas da yarensu. Nas ta gaya mata. Sai ta yi wata dariya guda ɗaya, “Ha!”, har masu jinya suka waiwayo. Sannan ta dube ni, ta ga ba abin dariya ba ne. Ta ajiye jakar, ta jawo kujera, ta zauna dab da fuskata, ina jin ƙanshin hayaƙin kifi a jikinta.

“Nijeriya. Duba.”

Ta sa yatsa ta ɗaga leɓenta na sama. Giɓi a hagu, giɓi a dama, wani can ciki. Ta bi su ɗaya-ɗaya tana taɓawa. “Sama. Sama. Sama. Likita ya cire. Wannan, ina da ciki. Wannan, mijina yana da rai. Wannan, bara.” Ta saki leɓen, ta zaro mini idanunta, manya, farare tas, ta jujjuya su kamar mai ba yaro tsoro. “Ido? Yana nan! Biyu! Ɓarawon kifi yana zuwa daga nesa, na gan shi!”

Ta ga ban gamsu ba. Sai ta kwance bakin ɗankwalinta ta zaro allura da ta soke a ciki, ta ja zare daga gefen zanenta, ta lasa, ta ɗaga hannu wajen taga. Zaren ya shige kamar an kira shi. Ta riƙe allurar tana lilo a gabana.

Ba ta san labarin allurar Inna ba. Ban taɓa gaya mata ba. Amma ina ganin zaren nan sai na ga Inna a bakin ƙofar ɗakinta da hantsi, ta miƙa hannu tana laluben kafar allura, tana kiran sunana. Na ce a raina, Inna ba haƙori take so in kawo mata ba. Ido take so.

Mama Fausti ta soke allurar a gefen hijabina, ta dafa goshina da tafinta mai kaushi. “Mamanka yana nesa. Yana tsoro, don yana son ka. Yau ni ne mamanka. In ido ya tafi, ka ɗauki nawa ɗaya.”

Na ce, “Yaya.”

Ya ɗago.

“Ka kira likita.”

“Luba, mi za ni ce ma Inna?”

“Ka ce mata ni nic ce.”

Ya daɗe yana kallon giɓin Mama Fausti, don ta sake ɗaga masa leɓe ba tare da ya roƙa ba. Sannan ya miƙe, ya bar sawun jar laka har bakin ƙofa.

Abin da ya biyo baya ba na son tuna shi duka. Na farka da auduga cike da baki, da wata ’yar roba a hanci, fuskata kamar ba tawa ba. Na kai hannu wajen idon, aka riƙe hannun. Kwanaki aka yi ana allurai, hannuwana duk suka yi tabo. Mama Fausti ta bar wa maƙwabciya sana’arta, ta shimfiɗa zane a gefen gadona. Ita ke dama mini koko, ta fifita shi har ya huce, ta ba ni da cokali ta gefen dama. In Yaya ya shimfiɗa kwali a baranda yana salla, ita ma sai ta sunkuyar da kai ta yi tata addu’ar, ina jin “Nijeriya” yana fitowa a tsakiyar yarenta. Inna kuwa, da Yaya ya samu layi ya gaya mata, ba ta yi faɗa ba. Daga nan kullum tambayarta ɗaya ce: “Ijiyar hwa?”

Kowace safiya likita na zuwa da murfin bironta. Na tsani murfin nan, ina kuma jiran sa. Ya yi ta zama koɗaɗɗe. Sai wata safiya, fatar ta saki har na buɗe idon da kaina, ta ɗago shi, na gan shi ja wur kamar barkono, kuma guda ɗaya ne ba biyu ba. Na faɗa da ƙarfi. Mama Fausti ta yi wata guɗa irin tasu har aka zo aka ce ta yi a hankali. Yaya ya juya baya yana ta gyaran labulen da ba abin da ya same shi. Da ya juyo, ido jajir, ya ce, “Malama, buɗe baki mu ga giɓin.” Na buɗe. “Kai! Yanzu ke da Mama kun zam ’yan gida guda.”

Na tambayi nas maganar tsutsotsin Faraku. Ta ce ’yan tsiron cikin ƙwayar ne, zafi ke fasa su su fito farare. Ta ce ba ni ce ta farko ba.

Ban iya komawa shago ba. Ko ƙarar injin niƙa na ji sai in dafe ido. Yaya ya ce gida zai mai da ni, shago ya jira. Ranar tafiya na zaro allurar daga hijabina zan mayar wa Mama Fausti, ta buge mini hannu. Ta cika mini leda da soyayyen kifi, ta ce na hanya ne, wanda ya ishi mota guda. Ta rungume ni har ƙashina ya yi ƙara. Karen ma, da aka kwance shi don zan tafi, ya raka mu har bakin titi.

Da hantsi muka shiga gida. Inna ba ta amsa sallamar Yaya ba, ba ta tambayi hanya ba. Ta kamo fuskata da hannu biyu, ta jawo ni tsakar gida inda rana take. Ta duba, ta sake dubawa. Ta ɗaga leɓena ta ga giɓin, ta ce, “Innalillahi.” Sannan ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin ɗinkinta. Ta miƙo mini zare da allura, ta sa tafinta ta rufe mini idon dama da kanta.

Na lasa zaren, na nufi kafar allurar. Na kuskure, na sake lasar zaren, na kuskure. Ba wanda ya yi motsi. Na ja numfashi, na ɗaga allurar wajen haske kamar yadda na ga an yi a Tamale. Ya shige.

Inna ta zauna daɓas a kan turmi. Ta riƙe allurar tana kallo kamar ba ta taɓa ganin irinta ba.

Bayan an ci abinci, Yaya ya fita gaida mutane, na ce, “Inna, Gwaggo Tumba, kahin a kai ta ga wanzami, ƙaƙa huskatta take?”

Inna ta ce, “Ta kumbura awa ƙwarya. Ijiyar ma ta rihe tun tana kwance gida. Don haka anka kai ta.” Ta tsaya. Na ga maganar tata ta dawo mata ta wata ƙofa. Ta ce a hankali, “Ashe tun kahin…” Ba ta ƙarasa ba.

Ta ɗauko magoginta da goro, ta fara gogawa, sai ta ajiye. Ta leƙa ƙofa ta ga ba kowa. Ta matso kusa da ni, ta sa yatsa ta ɗaga leɓenta na sama. Can ciki akwai wani baƙi ƙirin, rabinsa ya cinye, dasashin da ke kansa ya yi ja ya tasa.

“Tun ina goyonki shike nan,” ta ce. “Kwanan ga in na yi sujada, sai in ji wani nauyi nan.” Ta taɓa kuncinta.

Na tuna sujadar da na yi a Kara. Na kama hannunta. “Gobe, Inna. Ba goben da nike ce ma Mama Fausti ba. Gobe da sahe.”

“Ke za ki yi masu Turancin?”

“Ni za ni yi.”

“Kuma ki riƙe man hannu.”

“In riƙe.”

Washegari tun da jijjifi na tashi, na ɗora mata ruwan wanka, na nemo mata mayafinta, na tsayar da mai babur. Na ɗora ta, na hau bayanta, na zagaye ta da hannuwana. Sai da muka hau titi, iska na dukan fuskata, na tuna ban rufe ido na duba rufin ɗaki ba.